Auren Da Aka Ɗaura Gaban Kyamara

Shafi na 19

Masu cewa na bar Kubra tsaye a bayan labule tun shafin ranar Litinin har ƙafarta ta sage, ku yi haƙuri, ga ta nan. Wanda ya shigo yau ma ya nemi wuri ya zauna, ba zai ɓata ba.

*

Sau uku Baffa Lukuman yana mayar da faifan baya, sau uku muryar Baba Labaran tana fitowa daga talabijin ɗin tar, alhali ga shi zaune a kan tabarma bakinsa a rufe.

"Ni Labaran tela, na ba Kolin auren 'yata Kubra, a kan sadaki keken ɗinki."

Sai muryar Baturen. "Na karɓa."

Aka shafa Fatiha, hannaye suka hau wawar goro.

Baffa Lukuman, ƙanin mahaifin Sharafaddeen kuma wakilinsa a ɗaurin auren da za a yi gata, ya kashe talabijin. Ya juyo wajen limamin unguwa.

"Allah gafarta Malam, ka gani da idonka. Mu dai ba mu ce komai ba."

Kubra tana bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida. Yau Laraba. Asabar ne aurenta da Sharafaddeen. An raba kati, an kawo akwatuna, lalle ma an jiƙa shi. Ta damƙe labulen.

Baba Labaran ya yi 'yar dariya wadda ko shi bai yarda da ita ba.

"Malam, fim ne fa. Wasa ne. Kowa a unguwar nan ta Laranto ya san wasa ne."

Liman bai yi dariya ba.

"Wace ce Kubra, Labaran?"

"'Yata ce."

"Ta cikin fim, ko ta cikinka?"

"Ta cikina."

"Wane ne waliyyinta?"

"Ni ne."

"Mutanen da na gani zaune fa?"

"Telolin layinmu ne. Darakta ya ce a samo masu manyan riguna a cika wuri."

"Musulmi ne? Baligai, masu hankali?"

"To, ban da Iro Mai Maɓalli. Shi hankalinsa sai a hankali."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya sunkuyar da kai.

"Keken ɗinkin da aka ambata, yana ina?"

Baba ya shiga gyara hularsa.

"Labaran."

"Yana shago," in ji Baba, murya ƙasa ƙasa. "Na tsohuwar Kolin ne. Da aka gama ɗauka ya ce a bar wa Kubra, nasu ba mai amfani da shi. Da shi take ɗinki."

Liman ya cire tabarau ya murza idanu.

"Me ya sa ka ambaci sunanta na gaskiya?"

"Wallahi Madina aka rubuta a takarda! Madina ne sunanta a fim ɗin. Sau goma sha ɗaya ana ɗauka, da na buɗe baki sai Kubra ya fito. Rana ta yi, mutane suna son komawa shago. Sai Oga Dung, daraktan, ya ce, Baba bar Madina, yi shi yadda kuna yi a gaske, shi ne zai yi daɗi. Shi Kirista ne, Malam, ina zai sani? Ni kuma..."

"Kai kuma ka sani."

"Na sani a karatu. Bai zo mini a rai ba. Ga fitilu, ga waya a ƙasa, ga wani yana riƙe da sanda mai gashi a kaina. Wa zai ce wannan ɗaurin aure ne?"

"Aure ba ya duba fitila," in ji Liman. "In uba ya ce na bayar, namiji ya ce na karɓa, ga sadaki ga shaidu, ko da wasa suka furta ya ɗauru. Ba ni na ƙirƙiro ba."

Sharafaddeen ya miƙe zumbur, makullin motarsa ya faɗi.

"Ban faɗa ba? Ban ce kada a yi fim ɗin nan ba? Aka ce ai Baba zai riƙa raka ta kullum, ba abin da zai faru. To ga rakiya!"

"Zauna," in ji Baffa Lukuman. "Gaban surukinka kake."

"Surukin wa kuma? Ai Malam ya ce na Bature ne."

Kubra ta ji maganar kamar an watsa mata ruwan zafi.

Baffa ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta mai isar da saƙon da ba nasa ba.

"Malam Labaran, kada in ɓoye maka. Hajiya, mahaifiyar yaron nan, ita ta fara ganin faifan a gidan biki. Ta ce in faɗa maka, budurwa muka nema. In har aure ya tabbata, ko Baturen ya saki ko bai saki ba, a dawo mana da akwatunanmu. Ta rantse ba za a shigo mata da bazawarar Bature gida ba. Ka san Hajiya in ta rantse."

"Innalillahi," in ji Baba.

Liman ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Akwai ƙofa ɗaya, kuma ina jin a buɗe take. Musulma ba ta auruwa ga wanda ba Musulmi ba. In Baturen nan yana kan addinin iyayensa, to ba a yi aure ba tun asali, yarinya budurwa ce, a yi biki Asabar."

"Ai Kirista ne!" Baba ya ɗago da sauri. "Wallahi kowace Lahadi shi ke kai tsohuwarsa coci."

"Na ga ya yi kalmar shahada a cikin fim ɗin."

"Takarda aka ba shi ya haddace."

"To ya zo ya faɗa da bakinsa, gabana da shaidu biyu, cewa karatun takarda ya yi, shi ba Musulmi ba ne. Shi ke nan, na rufe magana."

Zauren ya sauke numfashi. Baba har da shafa fuska yana hamdala.

"Yanzu ma zan ɗauko shi," in ji Sharafaddeen, ya sunkuya ya ɗau makullinsa.

Kubra ta yaye labulen. Ta durƙusa a bakin ƙofa, mayafinta har goshi.

"Baba, zan bi ku."

"Ke! Koma ciki."

"Kaina ake magana, Baba. Tun ɗazu ana ba da ni ana karɓa ina tsaye. Zan bi ku."

*

Suka fito daga Laranto, suka wuce tsakiyar gari. Baba yana gaba yana jan carbi, Kubra tana baya, a kujerar motar hayar Sharafaddeen da fasinjojin Bauchi suka cinye wa soso. Sai da suka ɗau hanyar Daɗin Kowa Sharafaddeen ya dube ta ta madubi.

"Wata takwas kina taka kekensa."

"Keke ne, Sharafa. Ƙarfe ne."

"Da shi kika ɗinka kayan fitar bikinmu?"

Ta kau da kai wajen taga. Da shi ta ɗinka.

"Na ji amsa," in ji shi, ya taka mai.

Gidan yana can ƙarshen wani layi mara kwalta, bayan shagon mai faci. Ɗaki biyu ne da rumfar kwano. Tsakar gidan cike da matattun janareto da injinan ban ruwa, baƙin mai ya rine ƙasa. A gefe wata tsohuwar Baturiya ce zaune a kujera 'yar tsugunno, ɗaure da zanen atamfa da ya koɗe, tana tankaɗe fulawa. Mama Jin ke nan, mahaifiyar Kolin. Shekara kusan arba'in tana Jos, tun mijinta yana gyaran injina a kamfanin kuza, har ya mutu aka binne shi a Bukuru.

Sharafaddeen ya tsaya yana dube dube.

"Nan ne? Ina benen? Ina karen?"

Mama Jin ta ajiye rariya.

"Kai ma ka kalli fim ɗin, ko? Malam Labaran, sannu da zuwa. Kubra, 'yata, zo ki zauna. Ka ji wannan yaro, wai ina bene. Bene na wani Alhaji ne a Rayfield, Dung ya aro na kwana biyu. Kare ma aro ne, ya kusa cije ni."

"Mun same ku lafiya, Mama?" in ji Baba.

"Ina lafiya? Tun da wannan fim ya fita, mata a kasuwa ba su saya burodi na. Suna ce, ga mugun tsohuwa da ya tofa wa yarinya miyau, ya ce baƙar fata ba za ta shiga gidansa ba. Ni! Na ce wa Dung ban taɓa faɗa haka a rayuwa na ba. Ya ce Mama, haka Bature yake yi a fim, in ba ki yi ba mutane ba za su yarda ke Baturiya ce ba. Ya ba ni kofi na shayi, ya ce riƙe da yatsa biyu. Ni da koko nake sha da safe!"

Baba ya yi murmushin dole.

"Ai gara ke. Ni an mai da ni uban da ya ga mota ya washe baki ya ba da 'ya. Har yau in na wuce bakin tasha sai an ce, ga Baba Mai Son Mota. Ni da ko keken hawa sai na ara."

"Su dai talaka Musulmi mai kwaɗayi ne, Bature mai kuɗi ne mara kunya. Ba wanda ya zo ya duba tukunya na."

"Mama," Sharafaddeen ya katse ta. "Ba hira ta kawo mu ba. Ina ɗanki?"

Wani ƙarfe ya faɗi a bayan rumfa. Kolin ya fito yana goge hannu da tsumma. Dogo ne, rana ta gasa wuyansa ya yi ja, rigar aikinsa duk baƙin mai. A Bukuru aka haife shi, bai taɓa taka Ingila ba, Hausarsa kuwa in kana bayan katanga sai ka rantse ɗan unguwar Hausawa ta Gangare ne.

Ya durƙusa. "Baba, barka da zuwa. Da ka aiko ai da na zo."

Ya dubi Kubra sau ɗaya, ya kawar da kai.

Baba ya yi masa bayani tun daga faifan har hukuncin Liman, har rantsuwar Hajiya. Yana yi yana haɗawa da dariya, don abin ya yi sauƙi.

"To ka ji, ɗana. Abin ba wuya. Ka sa riga mu je, ka ce wa Malam kai ba Musulmi ba ne, mu dawo da kai kafin la'asar ta wuce. Har tuwo za ka ci."

Kolin bai tashi daga durƙuson ba. Yana ta murza tsumman a hannunsa.

"Kolin?"

"Mama, ɗan shiga ciki."

"In shiga ina? Gida na ne."

"Don Allah, Mama."

"Ba na shiga."

Sharafaddeen ya matso. "Malam, me ake jira? Mota tana waje."

"Ba zan iya faɗa ba," in ji Kolin.

"Ba za ka iya me ba?"

"Ba zan iya cewa ni ba Musulmi ba ne."

"Don me? Kunya kake ji? Minti ɗaya ne."

"Don ni Musulmi ne."

Carbin Baba ya tsaya.

Kubra ta ja da baya. Ta dafa wani janareto, mai ya shafe mata tafin hannu, ba ta ma lura ba.

"Ƙarya kake!" Sharafaddeen ya ɗaga murya. "Don ka ga yarinya! Shahadar fim ce za ka..."

"Ba ta fim ba. Shekarata huɗu da wani abu." Kolin ya ɗago, amma mahaifiyarsa yake kallo. "Mama, kin tuna rikicin dubu biyu da ɗaya, da ya ritsa da mu a unguwar Congo-Russia mun kai burodi? Tsoho Abdulfatah, abokin aikin mahaifina, da ya ɓoye mu a ɗakin matarsa kwana shida?"

"Na tuna."

"Bayan nan na riƙa komawa wurinsa. A hannunsa na karɓi Musulunci, gaban 'ya'yansa biyu. Sunansa na ɗauka. Ya ce in gaya miki, na ce sai kin ƙara ƙarfi. Har ya rasu ban gaya miki ba."

"Ina kake salla?" in ji Baba, kamar mai magana cikin barci. "Ban taɓa ganinka a masallaci ba."

"A bayan rumfar can, tsakanin injina. Baba, Bature a sahu? Kafin liman ya sallame an kai wa Mama labari har da ƙari."

Mama Jin ta daɗe tana kallon fulawar da ke gabanta.

"Shi ya sa," in ji ta a hankali. "Duk watan azumi ciki naka yana ciwo, ba ka cin abinci da rana. Na kai ka asibiti sau biyu. Lahadi ka kai ni coci, ka zauna a mota, ka ce kana gadi kada a sace batir."

"Mama..."

"Kai kaɗai na rage da shi a duniya, Kolin. Kai kaɗai. Ka bar ni ina yi maka addu'a a wuri da ba ka nan."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗe, fulawar tana zuba a ƙasa.

Baba ya zame ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Ashe na aurar da 'yata. Wata takwas. Ina zaune ina karɓar akwatunan wani."

"Ba a aurar da kowa ba!" in ji Sharafaddeen. Ya juya ya leƙa ƙofar gida, ya dawo ya rage murya. "Ku saurara. Wa ya sani? Tsohon ya mutu. 'Ya'yansa suna ina?"

"Ɗaya yana Legas, ɗaya Kaduna."

"Shi ke nan. Mu biyar ne a nan. Ka zo ka ce wa Malam kai Kirista ne. Kowa dama haka ya sani. In an gama biki ka koma bayan injinanka ka tuba."

"Sharafaddeen!" Baba ya miƙe. "Ka san abin da kake cewa kuwa? Mutum ya tsaya gaban shaidu ya ce shi ba Musulmi ba ne?"

"Baki ne kawai, Baba. Zuciyarsa tana nan."

"Ni ma baki ne kawai na ce. Ga inda ya kawo mu. Kuma ko ya faɗa, mu da muka ji gaskiya fa? Aure kan aure za ka yi?"

"To me kuke so in yi? Shekara huɗu ina bin hanyar Bauchi da asuba don in haɗa ɗakin nan! Shekara huɗu!"

Ya juya baya ya daki ƙofar kwano da hannu.

Kolin ya miƙe.

"Akwai hanya, Malam Sharafa. A ba ni biro da takarda in sake ta yanzu, gaban Baba. Ko idda babu, ban taɓa ko yatsanta ba. A fim ɗin ma Baba bai bari inuwarmu ta haɗu ba. Asabar ku yi bikinku."

"Ba ka ji abin da aka ce ba? In ka rubuta ka tabbatar an yi auren. Ta zama bazawara. Hajiya ta rantse."

"To ka lallashi Hajiya."

"Ba ka san ta ba."

"Ka tsaya mata a kan gaskiya mana. Matar da kake so ce."

Sharafaddeen ya yi wata dariya mai ɗaci, ya nuna Mama Jin da haɓa.

"Kai ne za ka koya mini yadda ake tsaya wa uwa? Kai da ka yi shekara huɗu kana salla a bayan janareto?"

Kolin ya sunkuyar da kai.

Sai a lokacin Kubra ta yi magana.

"Ka sani?"

Duk suka juyo.

"Kolin, da kai nake. Ranar da Baba ya ce ya ba ka, ka san aure ne?"

"A ranar ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Yaushe ka sani?"

"Bayan kwana uku. Abin ya tsaya mini a rai, na je Bukuru na tambayi wani malami, na ce wai wani abokina ne. Ya ce abokinka yana da mata."

"Kwana uku." Ta gyaɗa kai. "Sauran watannin fa? Kana zuwa shago kana sa wa keke mai, kana gaishe ni, kana tambayata ya shirin biki. Har kati na ba ka da hannuna."

"Kin ba ni."

"Da Hajiya ba ta ga faifan ba fa? Sai ka bari a ɗaura mini aure kan aure?"

"A'a. Na yi niyyar zuwa wurin Baba. Sau nawa na ɗauki biro."

"Me ya hana ka?"

Ya dubi tsumman hannunsa.

"Faɗa mana," in ji Sharafaddeen. "Mu ji."

"Shekarata talatin da huɗu, Kubra. Turawan da ke zuwa garin nan ba sa ɗaukata nasu, in na yi Turanci dariya suke. 'Yan cocin Mama suna ce mini Oga, amma ba wanda zai ba bakanike 'yarsa don fatarsa. Musulmi ba su ma san ni nasu ba ne. Ban taɓa zama a tabarma wani dattijo ya dube ni ya ce na ba ka ba, sai ranar nan. Kuma ke aka ce." Ya murza tsumman. "Kullum in na ɗauki biro sai in ce, bari in ƙara kwana ɗaya ina da mata. Gobe na rubuta. Kullum gobe."

"Allah ya isa," in ji Sharafaddeen.

Kubra ba ta ce Allah ya isa ba, ta so ta ce amma bai fito ba. Abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ta dubi tsakar gidan. Baƙin mai, ɗaki biyu, tsohuwa tana tankaɗe fulawa a ƙasa. Ta tuna yadda yara suke binta a layi tun fitowar fim ɗin suna matar Bature, matar Bature. Ta tuna samarin da suka daina sallama a ƙofar gidansu, har masu zuwa wurin ƙanwarta Hussaina. Sharafaddeen kaɗai ya tsaya, ya sha zagin gidansu, ya ce ya ji ya gani. Shekararta ashirin da shida. In Asabar ta wuce ba a ɗaura ba, ta san Laranto, ba wanda zai ƙara taka zauren Baba saboda ita.

"Ni dai ba zan tilasta ka ba," in ji Baba, ya dafa kafaɗar Kolin. "Ba zan ƙara wani zunubin a kan wanda na ɗauka ba. Mu je mu faɗa wa Malam gaskiya, a mayar da akwatuna. Ni na jawo, ni zan sha kunyar."

"Ba kai za ka sha ba, Baba," in ji Kolin. "Ita za ta sha."

Ya juyo ya fuskanci Kubra sosai, karo na farko tun shigowarsu.

"Ni na ɓata miki. Da na yi magana tun farko da ba a kai nan ba. Ba zan ji maganar Malam Sharafa ba, ba zan ji ta kowa ba. Ke ce mai haƙƙi. Abin da kika ce in faɗa, shi zan faɗa."

"Kada ka ɗora mini."

"Na riga na ɗora miki tun wata takwas."

"Kolin, kada ka..."

Ƙarar mota ta katse ta. Wata tsohuwar Fijo ta tsaya a ƙofar gida, aka buɗe ƙofofi huɗu. Sharafaddeen ya leƙa, ya dawo fuskarsa ta canza.

"Baffa ne. Da Liman. Da mutum biyu."

Muryar Baffa Lukuman ta riga shi shigowa. "Na ce gara mu biyo sawu, Malam, kada a shirya magana a hanya a zo a karanta mana. Salamu alaikum!"

Baba ya damƙe carbinsa. Mama Jin ce ta ce, "Ku shigo."

Takun takalma a kan tsakuwa. Liman yana tattare babbar rigarsa kada ta shafi mai.

Sharafaddeen ya dubi Kubra. Idonsa ya yi ja.

Ta matsa taku ɗaya wajen Kolin. Ta ja mayafi ta rufe bakinta yadda Baba ba zai gani ba. Hawaye ya gangaro ya shige cikin mayafin.

"Don Allah," in ji ta, can ƙasan maƙoshi. "Don Allah, Kolin, ka ce a'a."

Ya rufe ido.

Liman ya tsaya a tsakiyar gidan, shaidu biyu a bayansa. Ya dubi injinan, ya dubi tsohuwar, ya dubi dogon mutumin da ke riƙe da tsumma.

"Kai ne Kolin?"

"Ni ne, Malam."

"Ba zan ɓata maka lokaci ba. Tambaya ɗaya ce, ga shaidu suna ji, Allah ma yana ji." Ya gyara tabarau. "Kai Musulmi ne?"

Mama Jin ta ajiye rariya.

Kolin ya buɗe baki.